Shekarar da Gyaɗar Baba Ta Kusa Hana Mu Kofi

Kwana arba'in ke nan da muka binne yayana. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinsa, sun faɗi fataucinsa da riƙon zumuncinsa. Ban ji wanda ya ce shi ne golan Gaya a shekarar da muka ci kofi ba. Waɗanda suka san haka duk sun riga shi tafiya, saura ni.

Zamanin Turawa ne. Wani Bature mai duba makarantu ya ajiye kofi, ya ce garuruwa huɗu su gwada: Gaya, Ajingi, Gafasa da Kademi. Kowa zai kara da kowa sau biyu, gida da waje, ana tara maki. Ba a biyan kowa kamar 'yan wasan yanzu. Ƙafa ba takalmi, ƙwallo kuma guda ɗaya ce ta fata, in ta sha ruwa sai ka ce goran duma aka cika da ƙasa. Mu goma sha ɗaya ne cif, babu na canji. Akwai tela, akwai mahauci, akwai malamin makaranta wanda shi ne shugabanmu, sauran manoma. Yayana yana gola, ni ina baya.

Tun tsakiyar damina muke bugawa. Mun ci Kademi gida da waje. A Gafasa mun yi canjaras sau ɗaya, a wani fili da rabinsa ƙaya ce. Ajingi suka ci mu a garinsu, suka rako mu har bakin gari da kalangu. Da kaka ta zo saura wasa ɗaya, mu da su, a filinmu, ranar Asabar bayan la'asar. Sun fi mu maki ɗaya. In ba mu ci ba, kofi ya tafi Ajingi.

Ranar Alhamis aka yi ruwan da kowa ya san shi ne na ƙarshe. Duk manomi ya san abin da ke biye: a cire gyaɗa tun ƙasa na da laima, in ta bushe 'ya'yan su tsinke su zauna a ciki. Gonar Baba babba ce, ga shi ba shi da kowa sai mu biyu. Muka wuni Jumma'a a ciki, ko rabi ba mu yi ba.

Yayana ya durƙusa ya ce, "Baba, gobe da la'asar ne wasan nan."

Baba ya ce, "Na ji. Gyaɗar ma ta ji. In an gama ku tafi ku biyu. In ba a gama ba, ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya."

"To ko a kira gayya?"

"In tara mutane in ce musu me? 'Ya'yana za su je guje-guje? Ban kira ba."

Baba ba ya maimaita magana, mu ma ba mu ƙara ba. Amma yayana ya biya ta shagon tela kafin magariba.

Da safe muna isa gona muka tarar da 'yan wasanmu su tara a tsaye, kowa da fartanya a kafaɗa. Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya gayyace ku?"

Tela ya ce, "Babu kowa, Baba. Hanya ce ta biyo da mu."

"Da fartanya?"

"Saboda macizai, Baba."

A wajenmu ba a korar wanda ya shigo gonarka da fartanya. Baba ya san sun san haka. Ya yi tsaki, ya nuna wa kowa kunyar gyaɗar da zai bi, ya aika gida a dama kunu. Ashe Innarmu ta riga ta jiƙa gero tun jiya.

Aka yi aiki. Mahauci yana tafiya kamar sa, malamin makaranta kuwa rabon hannunsa da fartanya tun yana yaro, yana sara yana duba tafinsa. Tela ya ce masa, "Malam, a hankali, wannan ba alli ba ne." Har azahar muna ciki. Da lokacin tafiya ya yi, saura kunya goma sha biyu, dogaye.

Yayana ya ce ni in tafi. Na ce masa ana iya wasa babu ɗan baya ɗaya, amma ban taɓa jin an yi babu gola ba. Na ga hannuwansa sun yi bororo, biyu sun fashe. Ya dube ni, ya bi su. Suka tafi su goma.

Gonar ba ta da nisa da filin, iska kuma daga can take busowa. Ni da Baba muka ci gaba, shi a kunyarsa ni a tawa. Can sai ihu ya taso, mai yawa, mai tsawo. Baba bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Wannan naku ne."

Bayan ɗan lokaci sai kalangu. Mutanen Ajingi kaɗai suka zo da makaɗi. Baba ya ce, "Sun rama."

Daga nan na lura fartanyarsa ta ƙara sauri. Mutumin da ya haura sittin, yana gama kunyarsa ya tsallako ya kama tawa daga ɗaya ƙarshen. Aka sake ihu, na ji muryar garinmu ce. Saura kunya ɗaya da rabi Baba ya miƙe ya dafe ƙugu.

"Wannan kuma ai aikin tsoho ne. An gama. Je ka."

Na yar da fartanya. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kafin ta ko bayanta.

Na iso ana tsaye cirko-cirko. An ba Ajingi fanareti, muna da biyu suna da ɗaya. Yayana yana tsakanin sanduna, ya naɗe hannuwansa da tsumma. Ɗan wasansu ya buga ƙasa-ƙasa ta hagu. Yayana ya faɗi a kanta ya rungume, ya daɗe bai tashi ba. Na san ba don jan lokaci ba ne, hannun ne.

Alƙalin wasa ya gan ni, ya ƙirga mu, ya yi mini alama in shiga. Wani ɗan Ajingi ya ce, "Wannan daga rami aka tono shi?" Sau ɗaya na taɓa ƙwallo a wasan nan. Ta zo mini a gaban sandunanmu, na sa mata ƙafa da duk abin da ya rage mini, ta tsallake mutane ta faɗa gonar dawa. Kafin a nemo ta a dawo an busa usur.

Aka ɗauke yayana a kafaɗa aka zaga da shi har kasuwa. Da Bature ya miƙo kofi, malam ya ce gola ya karɓa. Ya kasa riƙewa, sai ni na tallafa masa ta ƙasa. Makaɗin Ajingi ya ga inda jama'a take, ya juyo ya bi mu yana kiɗa.

Washegari Baba ya tashe mu da kwanduna. Ya ce kunyoyin malamin makaranta sai an sake bi, ya bar rabin gyaɗar a ƙasa. Muna cikin tsinta ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Abin nan da ake ta faɗa ka kama, ta wane gefe ya zo?"

Yayana ya ajiye kwandonsa, ya sa ni na koma baya taku goma sha biyu. Ya tsaya tsakanin kunya biyu ya buɗe hannuwa, ya ce, "Baba, matso nan ka gani."

Baba ya matso.