Tsohuwa da Kwalbar Bitamin K

A kantin magani wata tsohuwa ce a gabana, siririya, tana takawa a hankali. Ga guntun zare maƙale a mayafinta, ina jin tela ce. Tana jujjuya kwalbar bitamin K dab da idonta.

"Ɗana," ta ce da mai kantin, "ƙasusuwana sun yi rauni, maganin likita kuma ƙwannafi yake sa ni. In bar shi in koma wannan?"

"A'a, Inna, kada ki bari da kanki. Ki gaya wa likita, akwai wani irin."

Fuskarta ta washe. Ta mayar da kwalbar. "Ashe akwai? To, gobe zan je. 'Yata ta kusa haihuwa, kuma ni nake so in fara goya jaririn."