Jajayen da na ɓoye a bayan ɗaki

Shekarun baya, lokacin da tutar ƙasar nan ko wankin farko ba ta sha ba, ni fulanto ne a wani biron gwamnati a Yamai. Yaran yanzu ba su san fulanto ba. Shi ne mai zama kan benci bakin ƙofar shef, wato shugaban ofis, a ba shi takarda ya kai, a aike shi sigari ya sayo, in abu ya ɓace a zage shi. Amma aiki ne. Akwai kaki, akwai keke, akwai albashi ƙarshen wata, in ka tsufa a ciki kuma gwamnati ta ci gaba da ciyar da kai har ka mutu. A unguwarmu, can wajen da kasuwar Katako take yanzu, in na wuce bisa keken nan har tsofaffi suna ɗaga mini hannu.

Lakwal, wato makarantar boko, aji huɗu na yi, ubana ya cire ni ya ce gona ta fi. Saboda haka Faransancina irin wanda ke iya kai mutum cikin rijiya ne, amma ba ya iya fid da shi. Shef ɗinmu kuwa Bahaushe ne kamata, sai dai ya dawo daga karatu da igiya a wuya, ya kafa doka: cikin biro ba Hausa, ba Zabarmanci, ko gaisuwa ce. Wai yanzu mun samu ƴancin kai, dole mu nuna wa duniya mun waye. Nasara ya tafi, ya bar mana wanda ya fi shi Nasaranci.

A shekarar matata ta haihu, ta rame, idonta ya yi fari. Tsohuwar da ta karɓi haihuwar ta ce jini ne ya yi mata kaɗan, a yawaita mata ganye. Sai ga abokina, direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Gana, ya dawo ya miƙo mini wani ƙullin tsumma. Ya ce irin alayyafo ne, amma ja, tun daga jijiya har ganye, mutanen can suna cewa yana ƙara jini. Ya ce cikin hula ya ɓoye shi, don ƴan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ko allura suka gani sai sun ce a raba. Na kwance na duba. Ƙwayoyi ne baƙaƙe masu sheƙi, ƙanana kamar albarushi, in ka yi atishawa ka yi asarar gona guda.

Ni ɗan manomi ne, don haka ban tambayi kowa ba. Na share wani fili bayan ɗakinmu, na sari ramuka kamar mai shukar hatsi, na zuba, na take da diddige. Na yi ta ban ruwa, ƙasa ta yi shiru. Matata kullum in ta wuce sai ta tsaya ta yi wa wurin sallama, ta ce wai ko maigidan yana ciki. Karo na biyu na watsa shi a sama ban rufe ba, na dawo aiki na tarar da tururuwa sun yi jerin gwano, kowace da ƙwaya a ka, kamar mata sun dawo daga kasuwa. Abin da suka rage kajin maƙwabta suka ƙarasa.

Sai da ya rage ɗan abin da bai cika cokali ba na sauke girman kai na tambayi wata dattijuwa Bazabarma mai sayar da ganyen kwaɗo. Ta ce in cuɗa irin da rairayi tukuna don kada ya taru wuri ɗaya, in barbaɗa, in yayyafa ƙasa mai laushi sama-sama, in rufe da ciyawa har ya tsiro. Ruwa kuma kada in kwara da bokiti. Na samu gwangwani na huda gindinsa da ƙusa, ya zama arozuwar ɗina. Na tattaro kashin awaki na daka. Na kewaye wurin da zana, na ɗaure ƙofar da igiya saboda akuyar maƙwabcina, wata shaiɗaniya da ta taɓa cinye mini rabin sabulu.

Ranar da na ɗaga ciyawa na ga sun fito, sirara kamar jan zare, wallahi ko haihuwar ɗana ba ta sa ni tsalle haka ba. Na rage masu cunkoso, na dasa su gefe da yamma, suka kwanta kamar sun mutu, gari ya waye suka miƙe. Kafin a jima wurin ya yi jawur, ganye kamar tafin hannu. Na daina zama majalisa. Daga aiki sai bayan ɗaki.

To, ga inda bakina ya ci ni.

Wata rana komi-komin biro, wato akawuna, suna zaune suna yabon lambun shef. Wai yana da salati, yana da karoti, yana da shu, wato kabeji, duk irin daga Faransa. Ni ina kan bencina abin yana cina. Na ce ni ma fa ina da abin nunawa. Na buɗe baki, sai na tarar ban san sunan alayyafo da Faransanci ba. A aji huɗu an koya mana sunan dusar ƙanƙara, an koya mana tuffa, ba a koya mana abin da muke ci ba. Hausa kuma an hana. Sai na kama abin da na sani, wato launi. Na gyara kakina na ce: "She muwa, iliya boku de ruji." Ma'ana, a gidana akwai jajaye da yawa.

Komi-komin suka dubi juna.

Bari in tsaya in yi muku bayani. A lokacin akwai wata jam'iyya da aka haramta, ana ce wa mutanenta jajaye, wai kwaminis ne. Kullum rediyo na cewa sun gudu Gana, suna shirin shigowa da bindigogi, kowa ya sa ido kan maƙwabcinsa. Na san da wannan, ba kurma ba ne ni. Amma a ranar, a cikin kaina, ja launin ganye ne kawai.

Babban komi, wani siriri mai tabarau, ya aje alƙalami a hankali ya tambaye ni daga ina suka zo. Na ce daga Gana. Ya ce ta yaya suka shigo. Na ce cikin kamiyon abokina, a ɓoye, ƴan duwan ba su gani ba. Ya ce yanzu suna ina. Na ce bayan ɗakina, na kewaye su da zana don kada maƙwabta su kai gare su, safe da yamma ni nake kula da su, ba wanda ya sani sai matata. Duk wannan da guntun Faransancina, rabi da baki rabi da hannu. Na ga gumi ya tsattsafo masa, na ɗauka hassada ce. Sai na ƙara gishiri. Na ce saura kaɗan su isa, ranar da suka isa duk unguwa sai ta sani, har biron nan zan kawo su, kuma da shef zan fara.

Na koma bencina ina jin yau na rufe bakin masu satifika.

Washegari da hantsi, ranar ba aiki, ina tsugune ina gyaran gwangwanina, sai ga jif a ƙofar gida. Ƴan sanda suka diro da bindigogi, gabansu wani birgadiye mai tumbi. Ya ce ni ne fulanton biro kaza. Na ce ni ne. Ya ce da Hausa, "Ina jajayen da ka ɓoye?"

Ku ji wauta. Daɗi na ji. Na ɗauka labari ya kai wa shef, ya kasa haƙuri, ya turo a ɗebo masa. Na ce su biyo ni, amma su taka a hankali, ba su gama ƙosawa ba. Birgadiye ya dubi mutanensa, suka ɗana bindigogi. Suka kewaye zanar nan, ɗaya har da kwanciya rub da ciki cikin kashin kaji. Birgadiye ya laɓe jikin bango ya daka tsawa, ya ce na ciki su fito hannu sama, an kewaye su. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Zabarmanci, ya faɗa da Faransanci.

Matata tana tsaye da taɓarya a hannu, jariri a baya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sa fitowa da kansu. Sai dai a tsinko su."

Ya sa ƙafa ya banke zanar. Ga jajaye nan sun yi sahu, iska na kaɗa su. Ya tsaya yana kallo. Ya dube ni, ya dubi ganye, ya sake dubana. Ya ce mene ne wannan. Na ce alayyafo. Ya ce ya san alayyafo ne, uwarsa ma tana miya da shi, yana tambaya ina mutanen. Na ce waɗanne mutane. A nan ne abin ya faɗo mini a ka.

Lokacin duk unguwa ta taru, har kan katanga. Wani ya fara dariya, sauran suka ɗauka. Kuma duk wanda ya san mai kaki ya san ba a yi masa dariya ya koma hannu wofi. Birgadiye ya ce wannan dabara ce, bindigogin suna ƙarƙashi. Ya sa aka kawo hauya. Ina tsaye suka tumɓuke gonata kaf, suka haƙa rami har gwiwa, ba su samu komai ba sai tsohon takalmi. Akuyar maƙwabcina, da ta daɗe tana jiran wannan rana, ta shigo ta inda aka banke ta fara aiki, ba wanda ya kama ta. Ni aka kama. Aka loda ganyen a jif wai shaida ne, aka ɗora ni a kai.

A kwamisariya, ofishin ƴan sanda, babbansu ya saurare ni, ya yi dariya har da share hawaye, ya ce ba ni da laifi. Amma tunda an riga an sanar da na sama cewa an kama gidan jajaye, ba za a sake ni ba sai na saman ya ce, shi kuwa na saman ya tafi rangadi. Haka na zauna ina jiran mutum ya gama yawonsa. Shaida kuwa ba ta kai yamma ba. Ina daga ciki ina jin ƙamshinta daga gidajen ƴan sanda. Mai gadina ya leƙo ya ce mini miyar ta yi daɗi, sai dai matarsa ta tsorata da ta ga ruwan ya koma kamar jini. Ranar da za a sake ni birgadiye ya ja ni gefe, ya sassauta murya, ya ce ko akwai sauran irin.

Na yi wanka na sa kakina na nufi biro. Tun daga nesa na hangi kekena, da aka je aka ɗauko daga gida, jingine, da wani zaune kan bencina. Ƙanin matar babban komi ne. Har yau ban sani ba ko tsoro ne ya sa komin nan ya kai ƙarata, ko kuwa ya daɗe yana auna bencin. Allah ya sani, ni ma ina da zato.

Shef ya sa aka shigar da ni, ya rufe ƙofa. Ya ce ya san ba ni da laifi, amma sunana ya riga ya shiga kwamisariya tare da kalmar nan, biro ba zai iya ɗaukar wannan ba, shi ma yana da na sama. Duk wannan da Hausa ya faɗa, Hausa tsantsa mai daɗi, irin ta mutanen Maraɗi. Shekara da shekaru ina bakin ƙofarsa ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Sannan ya ce, "Kai ma dai. Me ya hana ka ce alayyafo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka hana."

Ya duƙar da kai yana gyara takardun da ba su karkace ba. Ya ce in bar kakin wurin mai gadi.

Na koma gida da ƴar shara. Matata ta aje mini tuwo. Sai da na ci rabi ta ce ai ko ba komai yanzu na yi suna, ni kaɗai ne a Yamai aka tura wa jif saboda miya. Ban yi dariya ba sai bayan shekaru.

Da damina ta sauka, wurin da suka haƙa ya sake yin ja da kansa, ashe wasu sun riga sun zubar da iri. Daga nan na tara, na ƙetare kogi na samu ɗan fili wajen Kirkisoy, na zama mai lambu. Ba zan yi muku ƙarya in ce hakan ya fi mini alheri ba, kamar yadda masu wa'azi suke so a ce. Bai fi ba. Waɗanda muka fara aiki tare suna zaune inuwa gwamnati na ciyar da su, ni bayana ya lanƙwashe wurin jan ruwa. Abin da na koya kawai shi ne, rabin ilimi a bakin talaka kamar wuƙa ce a aljihun da ya huje, kai take yanka. Kuma manyanmu ba su manta harshen uwarsu ba, ajiye shi suke yi sai ranar da za su kore ka, don ka ji da kyau.

Kwanakin baya wani mushe, wato malamin lakwal, ɗan Dogon Dutsi, Kirista, mai sayen ganye wurina, ya ji labarin nan. Da ya gama dariya sai ya ce ai sunansa da Faransanci "amaranti". Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Ƴar kalma ce, ko numfashi ɗaya ba ta cinyewa. Na maimaita ta a hanya har na iso gida, na riƙe ta gam. Yanzu na san ta sarai, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta. Har yau ba wanda ya tambaye ni.