Sarakuna Uku a Hannun Orval

Shekara goma sha tara na yi ina raba karta a wani gidan caca na garin Gardena, kuma in aka ce in ambaci mutum ɗaya da ya san abin da yake yi a teburina, Orval Brandvold zan ce. Sauran kuwa, Allah na tuba, kuɗin fansho kawai suke kawowa su zubar.

Tsohon mai walda ne, shekara talatin ya yi a masana'antar jiragen sama. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo, Darlene, tana aure can Fresno. Kullum ƙarfe sha ɗaya na safe zai sauko daga bas, ya zauna kujera ta huɗu a teburin poka mai iyaka, ya sa a kawo masa baƙin kofi da romon kaza. Ƙarfe biyar na yi ya tashi, ko ya ci ko an cinye shi.

A wasa mai iyaka ba ka da ikon tura duk abin da ke gabanka don ka tsorata mutane. Abin da aka yanka shi za ka zuba, in ka so ka ƙara daidai shi. Shi ya sa Orval ke da doka guda, wadda ya maimaita har kunnuwanmu suka gaji.

"In kartarka ta yi ƙarfi, mutum biyar na ciki, ƙara! Kada ka yi lamɓo. Mutum ɗaya ake yi wa lamɓo. Biyar kuwa kowa na jiran katinsa, in ka bar su suka ga kati na gaba da araha, na rantse sai ɗaya ya samu."

Hagop, tsohon mai sayar da taya da ke zama kusa da shi, sai ya ce, "To malam, mun ji. Kai dai ce ba ka iya wayo ba."

"Wayon naka ne ya sa har yau kake yawo a akwalar motar nan."

Haka suke kullum, ni kuwa ina raba musu ina dariya.

Sai mantuwa ta fara kama shi. Ya kira ni da sunan marigayiyar matarsa sau biyu. Wata rana ya hau bas ɗin da ba nasa ba, sai a Long Beach aka tsince shi. Darlene ta zo a fusace, har ta nemo masa ɗaki a gidan tsofaffi kusa da ita. A wajen cin abinci na gidan cacar suka yi ta sa-in-sa, can sai ya yafito ni.

"Nenita, zo ki zama shaida. Ranar da kika ga na riƙe babbar karta, mutane da yawa a ciki, na ƙi ƙarawa, to kan ya tafi. Ki kira ta ta zo ta ɗauke ni, ba zan ce uffan ba. Kafin nan a bar ni da kujerata."

Na ce, "Haba Mista Orval, ni me ya kai ni cikin maganar gidanku?"

"Ke kaɗai ke kallon wasa a nan, yarinya. Sauran kartarsu suke kallo."

Raina bai so ba, amma na karɓi lambar Darlene na cusa a aljihun rigar aiki.

Wata takwas yana wasa tsaf. Yakan manta ranar mako, ya manta ya sha romo ya sake cewa a kawo, amma da zarar karta ta yi kyau sai ka ji "Na ƙara," kamar an kunna inji. Duk lokacin da na ji kalmar nan sai hankalina ya kwanta.

Wata Talata bayan azahar na raba, mutum shida suka shiga har da shi. Na buɗe uku na tsakiya, waɗanda kowa ke haɗawa da biyun hannunsa: sarki ɗaya, da ƙanana biyu masu tambarin zuciya. Hagop ya zuba, Orval ya bi, sauran huɗun suka bi da araha. Na buɗe na huɗu, aka sake zubawa, ya bi. Na biyar ma haka. Da aka zo nuna karta sai ya baje nasa biyun a fili, sarki da sarki. Sarakuna uku tun buɗewar farko, mutum biyar a kansa, bai ƙara ko sau ɗaya ba.

Kuma shi ya ci, don ba wanda katinsa ya fito. Tebur ya ɗauki ihu. Hagop ya buga masa kafaɗa, "Kai, tsoho ya koyi lamɓo! Munafuki, ashe ka iya!"

Orval ya yi dariya tare da su. Da na tura masa tulin kuɗin gabansa sai ya sunkuyo ya ce a hankali, "Na wane ne wannan?"

Na ce, "Naka ne, Mista Orval."

Ban kira ba. Na ce wa kaina ai ya ci, ai sau ɗaya ne, wa ya sani ko dabara ce. Ƙarya nake yi, kuma na san ƙarya nake yi. Tausayinsa nake ji, ba na son ganin wani a kujera ta huɗu. Sati uku takardar lambar nan tana aljihuna ban taɓa ta ba.

Bakin Hagop ne ya tona. Wata safiya da kan Orval ya washe sarai, yana cikin karanto dokarsa, sai Hagop ya ce, "Daina mana wa'azi, kai da ka yi mana lamɓo da sarakuna uku."

"Ni? Yaushe?"

"Sati uku ke nan. Tambayi Nenita."

Bai tambaye ni a nan ba. Sai da na fita hutu ya biyo ni wajen wayar bango.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Mutum nawa?"

"Biyar. Amma ai kai ka ci."

"Ci?" Ya girgiza kai. "Sa'a ce, ba ci ba. Shekara nawa kina jin abin da nake faɗa, ki riƙe abu irin wannan a hannu ki yi shiru da shi sati uku? Ba haka na koya miki ba, yarinya. Kawo lambar."

Hawaye ya hana ni ganin rubutun da kyau, amma na buga. Ya ce shi zai faɗa mata da bakinsa, alkawari ne. Ya gyara wuyan rigarsa, ya kara wayar a kunne, ina jin tana ringi daga inda nake tsaye. Sai ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya juyo gare ni.

"Nenita, ya ma sunanta?"