Ƙafar Kawu

Shekarun da na yi ina karatu a ƙasar waje, aikina bai wuce abu ɗaya ba. Mukan haɗa wani kwaɓi mai kaurin kamu, mu zuba ƙwayoyin halitta masu rai a ciki, mu ɗura wa na'ura. Ita kuma ta riƙa tsiyayar da shi zare-zare, wani bisa wani, har ya zama 'yar raga. A ragar nan ƙwayoyin ke kama wuri su hayayyafa, da fatan wata rana a ɗora ta a kan rauni ya yi sabuwar fata. Na taɓa yi wa Inna bayani ta waya. Abin da ta riƙe shi ne ɗanta na buga nama da inji, haka kuma ta faɗa wa dangi.

Ina dawowa na kama koyarwa a Gashuwa, sai ta ce in shirya mu je Nguru. Yayanta, wato kawuna, masunci ne, da girma ya zo ya koma bandar kifi. Ciwon suga ya kama shi, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya zama gyambo. Likita ya ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, ya ƙi. A mota Inna ta gaya mini dalilinsa: ni yake jira.

Mun same shi a rumfa, ya miƙe ƙafar bisa buhu. Tun kafin mu gama gaisawa ya sa matarsa ta kwance tsumman. Ni ba likita ba ne, amma yatsun sun yi baƙi, warin kuma ya danne na hayaƙin kifi.

Na zauna kusa da shi na yi masa bayani a hankali. Abin da muke bugawa bai fi maɓallin riga girma ba, yana rayuwa ne a wani akwati mai ɗumi da wuta ba ta ɗaukewa, kuma namu a jikin ɓeraye kawai muka gwada. Ya saurara yana gyaɗa kai har na gama.

"To, ɗan nan, ka ɗauke ni ɓeran. Duk abin da ya faru na yafe."

"Kawu, ko injin ma ba ni da shi. Can na baro shi, ba nawa ba ne."

Ban gaya masa cewa ko da injin, ƙafar da jini ya daina zuwa ba za ta karɓi komai ba. Sai ya tambaye ni yadda hanya take, ya sa aka ƙulle mana kifi.

A hanyar komawa, da muka wuce Jajimaji, Inna ta dube ni. Ba da faɗa ba ta tambaye ni, to me na je yi duk shekarun nan. Na ce mata irin aikin nan jikoki ake yi wa. Ta juya tana kallon gonaki.

Sai tsakiyar damina Kawu ya yarda. Lokacin ruɓa ta hau, aka yanke daga cinya. Wurin ɗinkin ma ya ƙi kamewa. Bai kai kaka ba.

A zaman makoki wani dattijo ya riƙe hannuna bayan addu'a, ya ja ni gefe. Ana yi wa matarsa wankin ƙoda, ya ce, kuma ya ji ni ne mai haɗa sassan jiki. Na maimaita masa abin da na gaya wa Kawu, na ƙara da cewa ƙoda ta fi fata nisa nesa ba kusa ba. Ya gode mini ƙwarai. Ya ce ba komai, in injin ya iso in aika a gaya masa, gidansu na bayan tasha.