Sunan Ɗan Farina

Shekarun baya can, lokacin da ɗana na fari yake aji uku na sakandare, gidanmu ya koma filin daga. Yaron da a da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba, sai ga shi yana fasa kofuna, yana gudun makaranta, yana jibgar ƙannensa, in ya gama ya kulle kansa a ɗaki ya yini bai ci ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi, bulala ta ƙare a jikinsa, duk a banza. Daga ƙarshe mahaifinsa ya rantse cewa in ya sake faɗa a makaranta, gidan mari zai kai shi. Ni kuwa na taɓa ganin yaron da aka dawo da shi daga can da tabon sarƙa a ƙafa. Barci ya ƙaurace mini.

Maƙwabciyar shagona a kasuwar Sabon Gari, wata Bayarabiya mai injin markaɗe, ita ta ba ni labarin wani shiri a Samaru inda ake zama da irin waɗannan matasa. Ta ce, “Amma fa ba rediyo ba ne da za ki ajiye wa mai gyara ki tafi. Ke da babansa duk sai kun zauna.” Da ƙyar na lallaɓo maigidan.

A zama na biyu, malamar da ke kula da mu ta ce kowannenmu ya dubi yaron, ya kira sunansa, ya faɗi abu ɗaya da yake so game da shi. Maigidan ya yi nasa a daƙile. Da aka zo kaina, sai na kama kallon silin. Ɗan fari fa! Ni da tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, sai “kai” ko “wancan”. Haka mahaifiyata ta yi wa yayanmu, kuma ba wanda ya mutu. Na gyara mayafi na ce, “Malama, ai yaron nan dai ba laifi.”

Sai yaron ya yi wata dariya mai ciwo. Ya ce, “Ƙyale ta, Malama. Sunan ƙannena kaɗai ta sani. Iyayen abokaina da sunan ’ya’yansu ake kiransu a unguwa, ni ko kallona ba ta son yi.”

Abin da nake yi don kunya da tsananin so, shi ashe ƙiyayya yake gani.

Malamar ba ta ce al’adarmu banza ce ba. Cewa ta yi, “Hajiya, ke kin san ma’anarta, shi ba wanda ya taɓa gaya masa.” Ta ba ni aikin gida, wai in riƙa kiransa da sunansa, na kuwa faɗi warwas. In na buɗe baki sai harshe ya naɗe. Har gwaji nake yi a kasuwa: sai maƙwabciyata ta tayar da inji, in faɗi sunan cikin ƙarar don kada kowa ya ji, ita kuma tana riƙe ciki don dariya.

Ana cikin haka ya fasa wa wani yaro baki a makaranta. Washegari da hantsi maigidan ya kira mai a-daidaita-sahu, ya sa ƙarti biyu suka riƙo shi. Yaron ko turjewa bai yi ba, kansa a ƙasa. Ban san lokacin da na tsaya a bakin ƙofa ba. Na kira sunansa, cikakke, da ƙarfin da maƙwabta suka leƙo. Na ce, “Dawo nan kusa da ni. Kai ne ka fara mai da ni uwa, kuma ba inda za ka.”

Maigidan ya ce, “Ke, yau lafiyarki kuwa?”

Na ce, “Malam, ka ba mu wata uku a wurin malamar nan. In bai canza ba, ka haɗa da ni ka kai marin.”

Yaron ya durƙushe a gabana yana kuka kamar na goye. Ƙartin suka sake shi, suka sulale.

Ba wai washegari ya zama waliyyi ba. Mun fi shekara muna zirga-zirgar Samaru duk Asabar, shi yana koyon danne fushinsa, uban yana koyon saurare, ni ina koyon magana. Amma ƙafarsa ba ta taɓa sanin sarƙa ba.

Har yau ina ganin alkunya abu ne mai kyau, sai dai na gane son da ɗa bai san da shi ba, ba ya yi masa maganin komai. Bara ya kammala karatun aikin lantarki. Mahaifiyata tana gefena a wurin taron yaye su, tana ta zungurina wai in kama kaina, ɗan fari ne. Da aka kira shi a lasifika, na miƙe na rangaɗa guɗa, na ce wa matar da ke bayana, wadda ban ma san ta ba, “Ɗana ne wancan. Ni na haife shi.”