Lahadin da Na Tsayar da Inna Marka

Ko gobe na ajiye aikin nan, ba zan manta da Lahadin da na tsayar da Inna Marka a gaban jama'a ba. Ku da kuka shigo hidimar matasa kwanan nan, kuna ganina da furfura kuna tsammanin Malam Yohanna bai taɓa yin ɓaramɓarama ba. To, ku gyara zama.

Shekarata ta biyu ke nan a aiki. Ina gama lakwal, wato makarantar Littafi Mai Tsarki, aka turo ni wata 'yar ikilisiya a karkarar Dungas, ba nisa da Guci, a matsayin mai bishara mai kula da matasa. Ga wanda bai san tsarin ba, fasto ne a sama, sai dattawan ikilisiya, sannan mai bishara. Duk wata uku nakan rubuta purogaram ɗin matasa in kai wa fasto, shi ya kai reniyon, wato taron dattawa, in sun amince a sanar bayan sujada. Gidajenmu na Kirista kaɗan ne a ƙauyen. Sauran duk maƙwabtanmu Musulmi ne, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, suna da biki muna zuwa wa juna.

Ubana ɗan Magariya ne, amma ni a Yamai aka haife ni, a gidan ma'aikaci. Ni ne ɗan fari, kuma uwata takan kira sunana tun daga ƙofar gida har maƙwabta su ji. Na san akwai kunyar ɗan fari, wadda uwa ba ta kama sunan ɗanta na farko, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa. Sai dai na ɗauka abin mutanen da ne, wanda wa'azi biyu ko uku zai kawar. Ni da kaina nakan saɓa 'yata ta fari, Rahila, a kafaɗa in zaga gari ina kiran sunanta, matan zumunta suna rufe baki suna ce wa matata Saratu, "Mijin nan naki dai ba shi da ta ido."

A cikin matasana akwai Dauda, mai buga mana ganga. Shekarunsa ashirin da biyu, dogo, ba shi da yawan magana. Shi ne ɗan farin Inna Marka. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa a wani ƙauye, bai dawo gida ba sai da tsohuwar ta rasu. Bayan 'yan shekaru uban ma ya rasu, gona da ƙanne huɗu suka dawo kansa. A wannan kakar, an cire gero an ɗaure dammuna, ya same ni a gindin itacen bedi na majami'a ya ce zai bi abokansa Aljeriya ta Agadas. Motar za ta tashi daga Magariya nan da kwana goma.

Na san hanyar nan. Na san waɗanda suka bi ta suka dawo, na san waɗanda har yau ba labarinsu. Na ce masa ya tuna da uwarsa.

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Malam, ba wanda zai ji rashina a gidan. Ni 'wancan' ne. In na shigo ta juya baya. Auta kuwa ko tari ya yi sai ta tashi tsaye."

Na ce ai al'ada ce.

Ya ce, "Na sani. Amma kai ka koya mana ƙauna sai an faɗe ta da baki. Kunya daban, ƙi daban. Ni ban san wanne nake ciki ba."

Maganar ta soke ni, domin gaskiya ni na koyar da haka, har da rubutu a allo. Na koma gida da zafin kai irin na sabon ma'aikaci, na ce ni zan gyara wannan abu a Lahadi ɗaya.

Da ma a purogaram akwai taron iyaye da matasa. Abin da na rubuta kawai shi ne "addu'a da ƙarfafawa". Fasto Garba, tsoho mai sanyin hali, ya kira ni ya tambaye ni wace irin ƙarfafawa ce. Na ce, "Baba Fasto, ka bar mini, za ka gani." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Allah ya nuna mana." Ko Saratu ban gaya wa shirina ba, don na san za ta hana ni, kuma ba na so a hana ni.

Lahadi da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a cikin majami'a, maza gefe, mata gefe, matasa a gaba. Bayan waƙa biyu na tashi na yi bayani: kowane uba ko uwa zai miƙe, ya kira sunan ɗansa, ya faɗi abu ɗaya mai kyau a kansa. Na ga dattawa suna kallon juna, amma na ɗauka burge su na yi.

Na fara da wani dattijo, Baba Tanko. Ya miƙe da ƙyar, ya tsallake manyan 'ya'yansa duka ya kama autarsa ya ce, "Ita dai Asabe ta iya dama fura, ba ta cika ruwa." Aka yi dariya, aka tafa. Na ce a raina, ka gani, abin yana tafiya. Sai na ɗaga murya na ce, "Inna Marka, ki tashi ki gaya wa Dauda abin da ke zuciyarki."

Ta miƙe, don mai bishara ne ya kira ta, ba za ta ƙi ba. Ta ja gyale ta rufe fuska. Ni kuma, saboda rashin wayo, na ƙara da cewa, "Ki kira sunansa, Inna, ba komai." Ta tsaya kamar mai neman ƙofa a ɗakin da ba ta sani ba, sannan ta juya ta fita da sauri, ko takalmanta ba ta tsaya ɗauka ba. Wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, yaron nan ya kashe mu da kunya." 'Yan mata suka fara ƙyalƙyala a cikin mayafi. Dauda yana zaune kansa a ƙasa. Da aka tashi ya ajiye gangar a gefen teburin bagade ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Na je in gyara, na ɓata. Yanzu a ganinsa an tambayi uwarsa a gaban duniya ko tana sonsa, ta gudu.

Litinin da safe Fasto Garba ya aiko a kira ni. Na tafi ina jiran faɗa. Ya sa aka kawo mini kunu, ya bari na sha rabi, sannan ya ce, "Yohanna, ka san dalilin da ya sa ake kai purogaram gaban dattawa? Ba don mun fi ka karatu ba. Mun fi ka sanin inda mutanen nan suke jin ciwo ne. Da ka faɗa mini, da na ce ka bari."

Na ce na tuba, kuma zan je in ba Inna Marka haƙuri.

Ya ce, "Za ka je, amma ba yau ba. In ta gan ka yanzu rumbu za ta shige. Je ka tambayi matarka."

Saratu 'yar wajen Sassumbrum ce, ita ma 'yar fari. Da na zayyana mata komai sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Baban Rahila, shekara nawa muna tare, ka taɓa jin Innata ta kira sunana? Amma wa ke aiko mana da daddawa da kuka duk wata?" Ta ce, "Kai dai naka shi ne ka kawo mini Dauda ranar Alhamis bayan azahar. Dangar bayan madafa ta faɗi, ka ce ya taya ka ɗaurewa. Kuma don Allah ka rufe bakinka, ko aya ɗaya kada ka jawo."

Sai da na je gidan wani abokinsa inda ya koma zama sau biyu kafin na same shi. Bai so zuwa ba, amma Dauda ba ya iya ƙin aiki in an roƙe shi. Alhamis muna bayan danga, shi yana ɗaure kara ni ina miƙa masa igiya. Can sai muka ji sallama a tsakar gida. Inna Marka ce, Saratu ta aika mata ta zo ta taya ta ɓarar gyaɗa. Dauda ya saki igiyar zai tafi, na riƙe masa hannu.

Suka gaisa, suka taɓa zancen tsadar mai da na wake. Muna jin ƙarar ɓawon gyaɗa. Sai Saratu ta ce, kamar zancen ya faɗo mata ne kawai, "Inna, an ce wancan naki zai yi tafiya."

Inna Marka ta ce, "Haka na ji a gari."

"To ai kin huta da ciyar da ƙato."

"Ke Saratu, wa ke ciyar da wa? Tun da maigidan ya kwanta dama, hannun wa ya cika rumbun nan? Ƙannensa wa ya sa su lakwal?" Ta fasa gyaɗa biyu ko uku. "Shekarar da ya yi ƙyanda a wurin tsohuwa, kwana uku ina zuwa da ƙafa. In tsaya bayan gida in saurari numfashinsa in dawo. Ba dama in shiga in ɗauke shi, surukata na zaune. Wa ya sani? Ba wanda ya sani."

Na saci kallon Dauda. Ya kafa ido a kan kara ɗaya kamar an ce ya ƙirga gaɓoɓinsa.

Ta ci gaba, "Duk gidan nan na san tafiyar kowa, amma tasa nake saurare. In ya fita gona da safe sai na ji ƙafarsa ta wuce ƙofar ɗakina hankalina ke kwanciya. In ya bi hamadar nan, ni ban san abin da zan dinga saurare ba." Ta ɗebi wata gyaɗar ta ci gaba da ɓara. "Mijin nan naki yaron kirki ne, amma ki gaya masa kada ya sake tsayar da ni."

Saratu ta ce, "Zai ji, Inna."

Na ji kuwa, har kunnuwana suka yi zafi. Dauda ya ɗauki igiyar ya ci gaba da ɗauri. Hawaye na zuba, bai share ba, ni ma na yi kamar ban gani ba. Wannan ne karo na farko a aikina da na yi shiru a inda ya kamata, kuma ba da dabarata ba ce. Ya ƙarasa dangar tsaf, ya fi yadda take da, ya fita ta baya.

Da Inna Marka ta tafi na shigo ina murna na ce wa Saratu, "Kin yi dabara, ba ta san yana nan ba." Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ba zai taɓa koyo ba. Ta ce, "Tun da ta shigo ta ga ƙafafunsa ta ƙasan danga. Kai ka taɓa jin Inna Marka ta yi magana da ƙarfi haka? Da shi take."

Ranar da motar ta tashi daga Magariya, abokansa uku suka tafi. Ina zaune a gindin bedi da hantsi, sai ga Dauda da kwando a kai. Ya gaishe ni ya ce, "Malam, waken can na gonar gabas bai gama tsinkuwa ba. Asabar akwai koyon waƙa?" Na ce akwai. Ya ce to, ya wuce. Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan har yau.

Na je na ba Inna Marka haƙuri bayan sati biyu, tare da Saratu. Ta ce ba komai, ta ba mu ƙwai shida, ta kuma yi wata guda in ta hango ni sai ta sake hanya.

Ban daina koya wa matasa su faɗi ƙauna da baki ba, kuma Rahila har ta yi aure sunanta nake kira. Amma tun daga ranar ban sake rubuta kalma biyu a purogaram in ɓoye sauran a cikina ba, kuma kafin in taɓa abin da ya shafi gidajen mutane sai na tambayi tsofaffi da matata. Mu masu hidimar matasa muna da saurin ɗauka cewa abin da ba a faɗa a gabanmu ba, babu shi. Mutanen nan sun daɗe suna ƙaunar 'ya'yansu kafin a ba mu takardar aiki. Dauda yanzu dattijon ikilisiya ne, 'ya'yansa biyar. Inna Marka ta tsufa, idonta ya yi rauni, har yau ba ta kama sunansa ba. Amma duk safiya kafin ya tafi gona sai ya zaga ta ƙofar ɗakinta, ko da ba hanyarsa ba ce, yana taka ƙasa da ɗan ƙarfi don ta ji.