Kawu Labbo da Balon Isuhu

To jama'a, tunda kun ce ni zan yi maganar Kawu Labbo, bari in fara da tambaya. A cikinku duka, wa ya taɓa tsayawa kusa da shi wurin kallon kokowa ya koma gida da rigarsa fes? Babu! Kawu ba da ido yake kallo ba, da jiki yake yi. Ana kama ƙugu a fage, shi ma ya kama ƙugun na gefensa. Ana sa ƙafa, ya sa maka ƙafa. Kafin a kada wani can, kai ka sha ƙasa nan. Limaminmu ma bai tsira ba, sai da ya yi zaman dirshan da rawani a hannu, Kawu na tsaye bisa kansa yana murna. Shi ya sa duk taron da anka yi a garinmu, komai cikarsa, za ka ga wani wuri fayau a cikin mutane, Kawu na tsaye ciki shi kaɗai.

Shi ƙanen innata ne, kuma da ƙuruciya ɗan kokowa ne irin wanda ban sake gani ba. A fagen garinmu, nan kusa da Karofane, gwiwarsa ba ta taɓa taɓa ƙasa ba. Amma da zarar ya fita gari, wallahi ko tsohuwa sai ta tura shi. Ya je Galma wani siririn saurayi ya shimfiɗe shi tun makaɗa ba su gama gyara ganga ba. Ya tashi ya kakkaɓe jiki, ko a jikinsa.

"Wanga yaro bai kada ni ba," in ji shi. "Garinsu yak kada ni. Ba ku ji kuwwarsu ba?"

Wannan ita ce aƙidarsa har ya mutu: wai gari ke kokowa, ɗan kokowa aron hannu kawai anka yi. Da anka gayyace shi Buza sai ya ce ba ya zuwa sai da gari. Ya bi gida gida, ya tattara maza da mata, tsofaffi bisa jakkai, har da makaho ya ja, ya ce ai bakinsa na aiki. Ya je ya kada gwanin Buza tsaf. Da munka dawo munka tarar awaki sun gama da waken rabin gari da anka shanya. Mata na ta faɗa, shi ko ya ce su ma awakin 'yan gari ne, rabonsu na murna sunka ci.

Da yaƙin Turawa ya tashi anka ɗebi samari soja, har da ni da Isuhu, ɗansa namiji guda ɗaya tak. Ni na dawo. Isuhu ciwon ƙirji ya ɗauke shi a wani bariki can bakin teku. Abin da na kawo wa Kawu nasa, bargo ne da kwano da balo, wato ƙwallon ƙafa, balon fata na gaske mai igiya a baki, wanda Isuhu ya fi so da abincinsa. Kawu ya juya shi, ya girgiza, ya kara a kunne, ya tambaye ni mi ke ciki. Na ce iska.

"Iska? Ɗana ya tafi har bakin teku, iska yas samo mani?"

Mutanen da sunka zo gaisuwa sunka yi ta danne dariya. Sai da sunka watse ya tambaye ni abu guda: da Isuhu ya faɗi, wa ke kansa yana kiran sunansa? Na gaya masa gaskiya. An raba mu bariki, ban ji ba sai bayan an rufe shi, kuma waɗanda sunka rufe shi ko Hausa ba sa ji. Ya ɗauki balon ya shige ɗaki. Bai sake yi mani wannan tambaya ba.

Daga ranar balo ya zama ɗan gida. Yana rataye a ragaya bisa gadonsa, ana shafa masa man shanu duk Juma'a, man da matarsa ba ta isa ta sa a miya ba. Da kaka ta yi, mu da munka koyi wasan a soja munka je roƙon aron balon. Ya ba mu, har ya ba mu gonarsa ta bayan gari munka tuge kututturan gero munka kafa itace biyu biyu. Amma da sharaɗi: inda balo yake, nan yake. Sai ya tsaya bakin fili yana faɗa. Kowa ya buga da ƙarfi ya ce masa mugu, mi ya yi maka. In balo ya faɗa ƙaya, sai an tsaya ya duba shi, ya hura masa baki, sannan a ci gaba.

Baƙin farko da munka yi samarin Allakaye ne, su ma tsofaffin soja. Gari kaf ya fito, don Kawu ya yi shela. To ba wanda ya taɓa ganin wasan, kowa da idon kokowa ya zo. Ana cikin wasa sai Garba ɗan maƙeri ya yi karo da babbansu, mutumin ya faɗi warwas. Habawa! Mata sunka rangaɗa guɗa, Tunau makaɗi ya saki ganga, jama'a sunka kwararo cikin fili sunka ɗaga Garba sama. Ni ina tsaron gida, ina ta cewa ba a gama ba, sai ji na yi nima an ɗauke ni ana zagaya gona da ni. 'Yan Allakaye ko sunka tura balo a hankali sunka wuce da shi tsakanin itace. Da alƙalin wasa ya ce an ci mu, Kawu ya cafke masa riga.

"Mutum ya faɗi da baya, kowa ya gani. Mi yar rage?"

Sai da munka yi kwana da kwanaki muna fahimtar da shi cewa a wannan wasan faɗuwa ba komai ba ce. Ya ce lalle Turawa ba su da kunya.

Amma fa da ya gane, sai ya fi mu ganewa. Ya ce tunda mai tsaron gida shi ne ƙofar gari, to can za a kai yaƙi. Ya dasa Tunau da gangarsa daf da ƙeyar mai tsaron gidan baƙi. Ya jera mata masu guɗa a gefe. Shi kuma ya riƙa kiran kowane ɗan wasanmu da sunansa da na uwarsa da na kakansa, yana masa kirari awa zai shiga fage. Ku da ba ku taɓa tsayawa cikin fili ba, ba za ku gane ba. In ka gaji, ƙirjinka na zafi, ka ji gari guda na kiran sunan innarka, wallahi wani numfashi ke zo maka wanda ba naka ba. Baƙo kuwa ƙafarsa sai ta yi sanyi. Keita sun zo sun sha kashi, Buza ma haka. In mu munka je can, a yi mana kaca-kaca mu dawo, Kawu ya tarbe mu da dariya, ya ce ai ya gaya mana.

Ana haka balon mutanen Madawa ya fashe. Su ne manya, masu aikin kwamandan, Baturen mulki, da manyan 'yan lakwal, wato makarantar boko, har takalma gare su. Sunka aiko wani gardin kwamandan, wato dogarinsa, ya roƙi aron namu. Kawu ya ce balo ba ya kwana waje. Gardin ya yi masa ba'a, ya ce 'yan ƙauye dai tsoro gare su. Nan fa zuciyar kokowa ta motsa. A gaban jama'a Kawu ya ce su zo garinmu, in sun ci su tafi da balon har abada, in mun ci su bar masa usur ɗin da ke wuyan gardin, don ya daɗe yana hararar sa. Na ja shi gefe na ce Kawu, abin da ya rage maka na Isuhu fa ke nan. Ya ce in bar shi da jama'a, ni dai in tare ƙofata.

Ranar wasan ba a bar kowa gida ba, an ɗaure awaki tun da safe. Mai tsaron gidan Madawa wani dogon saurayi ne siriri, Kosi, ɗan Dahome, mai yin allura a gidan likita. Bai daɗe da zuwa ba, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Tunau ya kafa masa ganga a ƙeya, mata sunka buɗe baki, samari na ihu suna kwaikwayon tafiyarsa. Bawan Allah sai waige yake. Kafin a je hutu mun zura masa biyu, na biyun ma ta tsakanin ƙafafunsa ya bi. Ya yi tsalle ya bugi itace da fuska, ya zauna hanci na jini, gari na ta sheƙa dariya. 'Yan uwan wasansa kuwa maimakon su ɗaga shi sai zagi.

Ina kallon Kawu daga ƙofata. Ya daina tsalle. Ya je ya sami gardin nan ya tambaye shi ina mutanen wanga yaro. Gardi ya ce can bakin teku, tafiyar wata da watanni. Kawu ya ce to a nan wa ya san sunan uwarsa? Gardi ya yi dariya ya ce shi kansa sunan yaron da ƙyar yake faɗa.

Sai munka ga Kawu ya ratsa fili, ya duƙa ya share wa Kosi hanci da hannun rigarsa. Ya sa anka tambayo masa sunan uwarsa, anka ce Afi. Ya miƙe ya juya wurin Tunau.

"Kaɗa mashi taken Isuhu."

Tunau ya yi turus. Tun da labarin Isuhu ya zo ba wanda ya sake jin wannan take a garinmu. Ya ce Kawu, baƙo ne fa, kuma balonka za su ɗauka. Kawu ya ce ya sani, ya kaɗa.

Ganga ta tashi. Matar Kawu ta rufe fuska da zane. Sai muryar Kawu ta fito, wadda ake ji har Karofane: Kosi na Afi, dogo ɗan bakin teku, tare ƙofarka, garinku na nan! Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa. Mutanenmu kun san su, inda Kawu ya sa baki nan suke sawa, ko sun gane ko ba su gane ba. Kafin a koma wasa rabin gari na kiran Kosi na Afi.

Jama'a, wani mutum daban ya tashi daga ƙasan nan. Garba ya buga, ya cafe. Anka buga sama, ya tashi ya cafe. Anka buga ƙasa, ya kwanta a kai. Kowace kamawa Kawu sai ya kama na kusa da shi, kuma na kusa da shi gardin kwamandan ne, da bai san hali ba. Sau nawa ya sha ƙasa da kakinsa ban ƙirga ba. Mu kuwa munka ji abin da muke yi wa mutane. Ina tsaye a gonar kawuna, a garin da anka yanke mani cibi, ba mai kiran sunana. Sunka rama ɗaya, sunka rama na biyu, dab da tashi sunka ƙara na uku, ina ji ina gani ya wuce ni.

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba, har hawaye sai da na yi. Na same shi na ce Kawu, kai da bakinka ka kada garinka a gida.

"Wa yak kada mu?" in ji shi. "Wanda gari yay yi wa kuwwa shi yac ci. Ba abin da nike gaya maku ba ke nan tun kuna goye?"

Ya ɗauki balon da kansa, ya goge shi da riga, ya daɗe yana gogewa. Bai ba gardi ba, bai ba babbansu ba, Kosi ya miƙa wa. Ya sa anka fassara masa dalla-dalla: man shanu duk Juma'a, ba a bar shi a rana, ba a kai shi kusa da ƙaya. Sannan ya ce a gaya masa mai balon sunansa Isuhu, ya riƙe sunan. Gardi don kunya ya cire usur ya ba shi, Kawu ya karɓa ba ko na gode, ya hana garin nan sakat da busa har damina ta faɗi.

Sauran kun sani. Kosi ya riƙa ɗauko balo duk kaka ya zo da shi gonar Kawu, yana ce masa Baba, Kawu na duba ɗinkin yana masa faɗan ƙarancin mai. Ranar da Kawu ya cika, Kosi ya taho tun daga Madawa da balon a hammata. Ba addininmu ɗaya ba, don haka ya tsaya bayan sahu har anka gama. Da anka ɗauki makara, sai ga shi ya matso yana kuka, yana faɗa da Hausarsa mai gargada: Labbo na Hadiza, Labbo baban Isuhu, garinku na nan. Ashe ya tambayo sunan kakata tun tuni ya ajiye.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa duk waɗanda ya kayar ba su ji ba su gani ba. Allah ya sa inda ya tafi bai sauka baƙo ba, ya tarar da Isuhu a bakin ƙofa yana kiran sunansa. Amin.